ILIMIN KAFA SANA'A A MANYAN MAKARANTU: ABIN DA BINCIKEN MASANA YA GANO

Tun daga zangon karatu na shekarar 2007/2008 ya zama tilas ga kowane ɗalibin jami'a a Nijeriya, ko likitanci yake karantawa ko tarihi, ya ɗauki darasin kafa sana'a da kasuwanci kafin a ba shi digiri. Gwamnatin Tarayya ce ta ba da wannan umarni a shekarar 2006 ta hannun Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, kuma umarnin ya haɗa da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin horar da malamai. Manufar ita ce, matashin da ya kammala karatu ya fito da niyya da kuma dabarar kafa abin kansa, maimakon ya riƙa bin ofis-ofis da takardar neman aiki.

Daga wancan lokaci miliyoyin ɗalibai sun bi ta wannan darasi, an gina cibiyoyin koyar da sana'a a harabar makarantu, an kuma kashe maƙudan kuɗi. Don haka ya dace 'yan kasuwa da masu masana'antu, waɗanda su ne ke ɗaukar waɗannan matasa aiki, kuma harajinsu ne ke tafiyar da makarantun, su san amsar wannan tambaya: shin darasin yana haifar da 'yan kasuwa? Masana tattalin arziki da na halayyar ɗan Adam sun daɗe suna gwada wannan lamari a ƙasashe dabam-dabam. A taƙaice, abin da suka gano shi ne, lacca a aji ita kaɗai ba ta cika kafa kasuwanci mai ɗorewa ba. Inda aka ga nasara, an haɗa karatun ne da aiki na zahiri, da jari, da kuma tantance wanda ya dace da harkar.

Asalin Lamarin

Akasarin marubuta suna danganta farkon koyar da wannan fanni a jami'a da Jami'ar Harvard ta Amurka, inda wani malami mai suna Myles Mace ya buɗe darasi kan tafiyar da sababbin kamfanoni a shekarar 1947, jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Daga can ne abin ya bazu zuwa Turai da Asiya, daga bisani ya iso Afirka.

A Nijeriya kuwa, manyan makarantu sun tashi ne da wata manufa dabam. Rahoton Kwamitin Ashby na shekarar 1960 ya mai da hankali ne ga samar da ƙwararrun ma'aikata da za su maye guraben Turawan mulkin mallaka a ma'aikatun gwamnati da manyan kamfanoni. A zamanin bunƙasar man fetur na shekarun 1970, mai digiri bai cika kwana da fargabar rashin aiki ba. Lamarin ya sauya da faɗuwar farashin mai a farkon shekarun 1980, sannan Shirin Gyaran Tattalin Arziki na shekarar 1986 ya zo da rage ma'aikata da tsuke bakin aljihun gwamnati. A ƙarshen wannan shekara aka kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, wato NDE, wadda ta shiga koya wa matasa sana'o'i da ba su rance. Umarnin 2006 ci gaba ne na wannan tunani, sai dai a wannan karo an kai maganin cikin aji tun kafin ɗalibi ya fito. A sabon kundin manhajar jami'o'i da NUC ta ƙaddamar a watan Disamba na shekarar 2022, darasin ya ci gaba da kasancewa cikin na dole.

Akwai wani abin lura a nan. Nijeriya ba ta da ƙarancin masu cin gashin kansu. Binciken da Hukumar Bunƙasa Ƙanana da Matsakaitan Sana'o'i, wato SMEDAN, ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a shekarar 2017 ya ƙirga sana'o'i kimanin miliyan 41.5, kuma fiye da kashi 99 cikin 100 nasu ƙanana ne ƙwarai, waɗanda ma'aikatansu ba su kai goma ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kamfanin da zai girma har ya ɗauki wasu aiki da albashi. Saboda haka, ma'aunin da ya fi dacewa a ɗora wa darasin jami'a shi ne yawan kamfanonin da suka rayu suka kuma ɗauki ma'aikata.

Wahalar Awo

Hanyar da ta fi sauƙi wajen auna amfanin darasin ita ce raba wa ɗalibai takardar tambayoyi a ƙarshen zango, a tambaye su ko suna da niyyar kafa sana'a. Yawancin nazarce-nazarcen da ake wallafawa, a Nijeriya da sauran ƙasashe, irin wannan hanya suke bi. Wasu masana da suka bi diddigin maƙaloli 159 da aka buga tsakanin shekarar 2004 da 2016 sun bayyana a shekarar 2017 cewa akasarinsu sun tsaya ne kan ra'ayi da niyyar ɗalibi na ɗan gajeren lokaci, ba su bi shi bayan ya bar makaranta don ganin abin da ya aikata ba, kuma ba su ma fayyace irin koyarwar da aka yi masa ba.

Wannan hanya tana da rauni iri biyu. Na farko, niyya dabam, aiki dabam. Ɗalibin da malaminsa ya miƙa wa takardar tambayoyi ana gab da jarrabawa, da wuya ya rubuta cewa darasin bai amfane shi ba. Na biyu, a inda darasin yake na zaɓi, waɗanda suke shiga su ne masu sha'awar kasuwanci tun asali, galibi 'ya'yan 'yan kasuwa. Idan suka kafa sana'a daga baya, ba za a iya cewa darasin ne sanadi ba. Wani nazari na shekarar 2014, wanda ya tattara sakamakon bincike 73 da suka shafi mutane fiye da 37,000, ya tabbatar da wannan zargi. Ya sami 'yar ƙaramar dangantaka tsakanin darasin da niyyar kafa sana'a, amma da aka yi la'akari da niyyar da ɗaliban suke da ita tun kafin su shiga aji, sai dangantakar ta zama ba abin dogaro ba.

Don kauce wa wannan tarko ne masana suka ari hanyar da likitoci ke gwada sabon magani. Ana tara masu neman shiga shirin, a jefa ƙuri'a, rabi su shiga, rabi su ci gaba da karatunsu yadda aka saba. Tun da ƙuri'a ce ta raba su, ɓangarorin biyu sun yi daidai ta fuskar hazaƙa da arzikin iyaye da sha'awa. Duk bambancin da aka gani bayan shekara ɗaya ko huɗu, ana iya jingina shi ga shirin. Irin wannan gwaji yana da tsada, kuma yana cin lokaci, shi ya sa ba shi da yawa. Amma 'yan kaɗan ɗin da aka yi sun fi dubban takardun tambayoyi nauyi.

Darasin Turai da Tunisiya

A ƙasar Holan, masana uku sun nazarci wani shiri da ɗaliban wata kwalejin koyon sana'a ke kafa ɗan ƙaramin kamfani na gwaji a cikin shekarar karatu. Sun kwatanta ɗaliban reshen da ake gudanar da shirin da na wani reshe na kwalejin da ba a yi. Sakamakon da suka buga a shekarar 2010 ya ba mutane mamaki: shirin bai ƙara wa ɗaliban wata ƙwarewa ta a-zo-a-gani ba, sannan ya rage musu niyyar zama 'yan kasuwa. A cikin wannan shekara wani bincike kan darasin dole a wata jami'a ta birnin Munich na ƙasar Jamus ya ga raguwar niyya shi ma. Sai dai masu binciken na Jamus ba su ɗauki wannan a matsayin faɗuwa ba. A ganinsu, darasin ya zama madubi: ɗalibi ya ɗanɗana harkar, ya gane ko ya dace da ita ko bai dace ba. Wanda ya gane tun yana aji cewa kasuwanci ba hanyarsa ba ce, ya tsira daga narkar da dukiyar iyayensa.

Gwajin da ya fi kusa da halin da Nijeriya ke ciki shi ne na Tunisiya, ƙasar da ta daɗe tana fama da zaman banza a tsakanin masu digiri. A zangon 2009/2010 gwamnatin ƙasar ta ba ɗaliban shekarar ƙarshe zaɓi: maimakon rubuta kundin kammala karatu, ɗalibi na iya samun horo da jagorancin wani ɗan kasuwa, ya rubuta tsarin kasuwancin da yake son kafawa, a ba shi digiri da shi. Ɗalibai kimanin 1,700 suka nema, aka zaɓi rabi ta hanyar ƙuri'a, masana na Bankin Duniya suka bi sawunsu.

Bayan shekara ɗaya da kammala karatu, an sami ƙarin masu sana'ar kansu, daga kimanin mutum 4 cikin 100 zuwa kimanin 7. Amma jimillar masu aikin yi ba ta ƙaru ba, abin da ke nuna cewa wasu da za su yi aikin albashi ne suka koma sana'ar kansu. Da aka sake komawa gare su bayan shekara huɗu, sakamakon da aka buga a shekarar 2020 ya nuna cewa ko wannan ɗan bambanci ma ya gushe. Ɗaliban sun riƙe wani abu na ilimin da aka ba su, da yawansu sun yi yunƙurin farawa, amma kasuwancin bai kafu ba. Babban abin da suka yi kuka da shi tun farko shi ne rashin hanyar samun jari.

Inda Aka Ga Nasara

Ba dukkan sakamakon ne ke sanyaya gwiwa ba. A ƙasar Yuganda, masana daga Jami'ar Leuphana ta Jamus, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Michael Frese, sun haɗa gwiwa da malaman Makarantar Kasuwanci ta Jami'ar Makerere suka tsara wani horo na mako 12 mai suna STEP. Bambancinsa da darasin da aka saba shi ne, tun daga farko ake raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, a damƙa wa kowace ƙungiya jarin da ya kai kimanin dalar Amurka 100, a ce su je su kafa ciniki na gaske, su kuma mayar da kuɗin a ƙarshen horon. Abin da aka koya a aji yau, gobe za a gwada shi a kasuwa: neman mai saye, sanya farashi, ciniki da dillali, riƙe lissafi, da jure asara. An zaɓi masu shiga ta hanyar ƙuri'a, kuma rahoton da aka buga a shekarar 2015 ya nuna cewa bayan wata 12, waɗanda suka sami horon sun fi takwarorinsu kafa sana'a.

Wannan tawaga, tare da masana na Bankin Duniya, ta sake gwada makamancin wannan tunani a birnin Lome na ƙasar Togo, a kan masu ƙananan sana'o'i 1,500. An raba su gida uku. Kashi ɗaya ya sami horon kasuwanci irin wanda aka saba, wato lissafin kuɗi da talla da kula da ma'aikata. Kashi na biyu ya sami horo kan zage damtse da himmar kai: neman sabuwar dama ba tare da jiran umarni ba, hangen matsala kafin ta zo, da sake dabara idan an ci karo da cikas. Kashi na uku ba a ba shi komai ba. A cikin shekara biyu, ribar kashi na biyu ta ƙaru da kashi 30 cikin 100, ta kashi na farko kuwa da kashi 11, adadin da masu binciken suka ce bai kai a tabbatar da cewa ba dace ba ne kawai. An buga wannan sakamako a mujallar Science a shekarar 2017.

Ko da yake mutanen Lome ba ɗaliban jami'a ba ne, saƙon ya shafi jami'a kai tsaye. Abin da ake koyarwa da yadda ake koyar da shi sun fi sunan darasin muhimmanci. Malamin da ke karanta wa ɗalibai ɗari biyar ma'anar kasuwanci daga littafi, a yi jarrabawa a tashi, da malamin da ya tura ɗalibai biyar kasuwa da kuɗin da za su yi bayaninsu, duka biyu darasi ɗaya suke koyarwa a takarda. Gani ya kori ji.

Maganar Jari: Gwajin Nijeriya

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da suka fi shahara a duniya a wannan fanni a Nijeriya aka yi shi. A shekarar 2011 gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta ƙaddamar da gasar tsarin kasuwanci ta matasa mai suna YouWiN, a ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi da Dokta Ngozi Okonjo-Iweala ke jagoranta a lokacin. A zagayen farko mutane kusan 24,000 suka nema, da yawa daga cikinsu masu ilimin jami'a. An zaɓi 6,000 don horon kwana huɗu kan rubuta tsarin kasuwanci, daga ƙarshe mutum 1,200 suka yi nasara, kowannensu ya sami tallafin da matsakaicinsa ya kai kimanin dala 50,000, ana biya kashi-kashi gwargwadon ci gaban aiki.

Bayan an ware waɗanda suka fi kowa maki, sai aka cike sauran guraben, fiye da 700, ta hanyar ƙuri'a daga cikin waɗanda suka kai matakin kusa da ƙarshe. Wannan ya ba David McKenzie na Bankin Duniya damar kwatanta mutanen da suka yi kunnen doki a cancanta, wasu suka sami kuɗi wasu ba su samu ba. A rahotonsa na shekarar 2017, ya nuna cewa bayan shekara uku, a cikin kowane mutum 100 masu neman kafa sabon kamfani, tallafin ya ƙara mutum 37 a kan masu kasuwancin da ke gudana, ya kuma ƙara mutum 23 a kan masu kamfanin da ke da ma'aikata goma ko fiye. Su ma masu tsofaffin kamfanoni sun fi rayuwa, sun fi ɗaukar ma'aikata. An ƙiyasta cewa zagayen farko ya samar da ayyukan yi kimanin 7,000. Horon kwana huɗun kuwa, shi kaɗai ba tare da kuɗin ba, bai nuna wani tasiri na kirki ba.

Idan aka jera wannan da sakamakon Tunisiya, hoton yana fitowa sarai. A can an ba da ilimi mai yawa da jari kaɗan, kasuwanci bai ɗore ba. A nan an tantance mutane, an ba su jari mai kauri, kamfanoni suka girma. Wannan ba ya nufin horo aikin banza ne. Wani nazari da McKenzie ya yi a shekarar 2021, wanda ya tattara gwaje-gwaje daga ƙasashe masu tasowa, ya ƙiyasta cewa horon kasuwanci yana ƙara ciniki da riba da kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Amfani ne na gaske, amma bai kai girman alkawuran da ake yi a wajen bukukuwan yaye ɗalibai ba.

Horon Aiki da Ƙwararru

Ɓangare na biyu na wannan batu shi ne horar da ɗalibi kan aikin da zai yi wa wani. Nijeriya ta riga ta kafa tsarin wannan tun da daɗewa. A shekarar 1971 aka kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, mai hedkwata a Jos, wanda kamfanonin da dokarsa ta shafa ke ba shi kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansu a shekara. A shekarar 1973 asusun ya ɓullo da shirin SIWES, wanda ke tura ɗaliban injiniya da kimiyya da noma da makamantansu zuwa masana'antu na 'yan watanni, domin masu kamfanoni sun yi ta koke cewa masu digiri ba su san injin da za su sarrafa ba. Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wato NBTE, wadda aka kafa a shekarar 1977 da hedkwata a Kaduna, ita ke kula da wannan fanni a kwalejojin kimiyya da fasaha.

Ƙarfin irin wannan shiri yana rataye ne a wuyan masana'antu. A jihar Baden-Württemberg ta Jamus, tun shekarar 1974 ake da tsarin da ɗalibi ke yin wata uku a aji, wata uku a kamfani, har ya gama, kuma kamfanin ne ke zaɓarsa, ya biya shi albashi, domin yana horar da ma'aikacinsa na gobe ne. A Nijeriya kuwa, rufe masaƙun Kaduna da Kano da sauran masana'antu ya rage wuraren da ɗalibi zai je, alhali yawan ɗalibai ya ninka sau da yawa. Ɗalibin da ya ƙare watanninsa yana zaune a ofishin da ba shi da alaƙa da karatunsa, ya cika sharaɗin makaranta, amma hannunsa bai koyi komai ba.

Akwai kuma wani bincike da ya kamata masu tsara manhaja su yi wa karatun natsuwa. Stephen Anderson da David McKenzie sun gwada hanyoyi huɗu na inganta ƙananan kamfanoni 753 a Nijeriya: horar da mai kamfanin, kawo masa mai ba da shawara, taimaka masa ya ɗauki akanta ko jami'in talla aiki, ko kuma taimaka masa ya ba wani ƙwararre na waje kwangilar aikin. Sakamakon da aka buga a shekarar 2022 ya nuna cewa hanyoyi biyu na ƙarshe sun fi horar da mai kamfanin amfani, kuma sun yi daidai da kawo mai ba da shawara a kan rabin kuɗinsa. Ma'ana, ba dole ne ɗan kasuwa ya zama akanta ba. Abin da yake bukata shi ne ya sami akanta nagari. Jami'ar da ta yaye akanta ko injiniyan da ya san aikinsa ta taimaki kasuwanci ƙwarai, ko da wannan ɗalibi bai taɓa buɗe shagon kansa ba. Cibiyar Akantoci ta ICAN, wadda aka kafa a shekarar 1965, da takwararta ANAN, wadda ta sami amincewar doka a shekarar 1993, suna daga cikin ginshiƙan wannan aiki.

Tsarin Ubangida

Abin sha'awa shi ne, sharuɗɗan da binciken zamani ya gano ba baƙi ba ne a kasuwannin Nijeriya. A Kantin Kwari da kasuwar Kurmi ta Kano, yaro yakan yi shekaru a shagon ubangidansa yana kallo, yana aike, yana karɓar kuɗi, har a san amanarsa da basirarsa. Ranar da za a yaye shi, ubangida yakan ba shi jari ko kaya bashi, ya kuma gabatar da shi ga manyan diloli. Haka 'yan kasuwar Ibo ke yi a Onitsha da Nnewi da Aba, inda yaro ke hidimar shekaru kafin maigida ya sallame shi da kuɗin farawa. A cikin wannan tsari akwai aiki na zahiri, akwai tantancewa ta tsawon lokaci, akwai jari, akwai kuma jagora bayan an fara.

Tsarin yana da nasa gibi. Ba shi da rubutacciyar yarjejeniya a mafi yawan lokuta, don haka ana samun yaran da ake kora gab da sallama. Yakan koyar da saye da sayarwa fiye da ƙere-ƙere, kuma mata ba su cika samun shiga ba. Waɗannan su ne wuraren da jami'a ta fi ƙarfi: dokar kwangila, lissafin zamani, ilimin injin da na kwamfuta, da takardar shaida da kowa zai amince da ita. Kowane ɓangare yana riƙe da abin da ɗayan ya rasa.

Abin da Ya Rage a Yi

Daga waɗannan bincike-bincike ana iya fitar da matakai huɗu. Na farko, a bar darasin share fage ga kowa, amma a ware horo mai zurfi, da malamai da kuɗi, ga 'yan kaɗan da suka nuna himma a aikace. Na biyu, a sauya ma'aunin cin darasin daga jarrabawar takarda zuwa ciniki na gaske da ɗan jarin da za a mayar, kamar yadda aka yi a Yuganda. Kuɗin da wannan ke bukata bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na gina dogayen cibiyoyi. Na uku, a haɗa makarantu da masu kuɗi, domin ɗalibin da tsarinsa ya yi fice ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Na huɗu, kowace makaranta ta riƙa bin sawun ɗalibanta bayan shekara ɗaya, da uku, da biyar, ta kuma bayyana wa jama'a nawa ne suka kafa kamfani, nawa suka rayu, mutum nawa suka ɗauka aiki. Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, wato TETFund, wanda ke samun kuɗinsa daga harajin kamfanoni, yana da hurumin ɗaukar nauyin irin wannan bincike.

'Yan kasuwa su ma suna da rawar takawa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu masana'antu na jihohi za su iya neman kujera a kwamitocin da ke tsara waɗannan darussa, su ba da mutanensu su riƙa koyarwa, su buɗe shagunansu da masana'antunsu ga ɗaliban SIWES da aiki na gaske. Wanda ya karɓi ɗalibi na wata shida ya sami damar auna shi a kan kuɗi kaɗan kafin ya ɗauke shi aiki ko ya saka jari a harkarsa. Tun da kamfanoni ne ke biyan harajin da ake tallafa wa manyan makarantu da shi da kuɗin ITF, suna da haƙƙin tambayar shugabannin makarantu alƙaluman abin da darasin ya haifar tun daga shekarar 2007.